Zuwa ga Alhajin da ya tambayi amfanin karanta rigimar manyan ƙasashe

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Asabar ka bugo waya a shirin rediyon da aka gayyace ni. Ka ce taki kake sayarwa a kasuwar Muda Lawal, kuma 'yarka tana karatun hulɗar ƙasa da ƙasa a jami'a. Ta zo hutu ba ta da zance sai na Amurka da Sin da Rasha, shi ne ka ce: mu da ko wutar lantarki ba ta ishe mu ba, me wannan karatu zai tsinana mana? Lokaci ya ƙure ban amsa ba, abin kuwa ya tsaya mini a rai.

Bari in fara da rumfarka. Takin NPK da ake haɗawa a ƙasar nan ba duk kayansa ne namu ba. Sinadarin fosfet daga Maroko ake kawo shi, fotash kuma Rasha na cikin manyan masu sayar da shi. Da Rasha ta afka wa Yukren a Fabrairun 2022, ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba mata takunkumi, fotash ɗin da Nijeriya ke jira ya maƙale, sai da aka nemo na gaggawa daga Kanada. Ka fi ni sanin yadda kuɗin buhu ya koma a daminar nan, da fuskar manomin da ya zo da kuɗin buhu biyu ya tafi da ɗaya. Ba a kasuwarku aka yanke wannan farashi ba.

Abin da muke koyarwa ba hirar shayi ba ne ta wa ya fi wa makami. Tambaya ɗaya ce muke ta juyawa: me ƙasa take so nan da shekara ashirin ko talatin, me ke hannunta, kuma yaya za ta daidaita buri da ƙarfi? Ɗan tarihi Paul Kennedy ya yi littafi a 1987 yana nuna yadda dauloli ke durƙushewa idan hidimar soja ta fi ƙarfin aljihunsu. Kai ma ka san ɗan kasuwar da ya buɗe rumfa biyar da jarin rumfa biyu. A ganina ƙasa irin tamu ta fi Amurka buƙatar wannan lissafi, don mai ƙarfi in ya yi kuskure yana da abin gyarawa, mu kuwa a jikinmu yake ƙarewa.

Kuma mu mutanen Bauchi bai kamata a ce wannan fage baƙonmu ba ne. Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, shi ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960, lokacin da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. Ana ce masa mai sanyi, mai jingina da Ingila, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma gwamnatinsa ce ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Saharar Aljeriya. Ita ce kuma ta soke yarjejeniyar tsaro da Ingila a 1962 bayan ɗalibai sun yi ta zanga-zanga. Ɗalibai fa, Alhaji, sa'o'in 'yarka. A yaƙin basasa, da Amurka ta ƙi sayar mana da makamai, Tarayyar Sobiyat aka nufa aka sayo jiragen yaƙi, alhali ba ƙawarmu ba ce a da. Haka Murtala ya amince da gwamnatin MPLA, ƙungiyar 'yan gwagwarmayar neman 'yanci, a Angola a 1975 duk da Amurka ba ta so. Kowanne daga cikin waɗannan akwai wanda ya zauna ya auna riba da hasara kafin a yi.

Misali na kusa kuwa shi ne Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, muka rufe iyaka, muka yanke wuta. A Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, sojojin da suka yi juyin mulkin suna nan daram. Sojan Faransa ya fita, na Amurka ya bar sansanin Agadas, Rashawa suka shigo, a Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka bar ECOWAS. Ra'ayina, an yi barazanar tura soja Nijar da ba a shirya cikawa ba, kuma ba a lissafa da zumuncin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi ba. Wannan darasi guda ne cur a ajinmu. Haka bashin da aka ci daga Sin aka shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna: jirgin yana da amfani, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka muna buƙatar masu iya karanta sharuɗɗa kafin a sa hannu. Ranar da man fetur ɗin Kolmani, da ke tsakanin Bauchi da Gombe, ya fara jawo baƙi da gaske, wa zai zauna da su a madadinmu?

Inda nake tare da kai shi ne nan. Mu malamai mun cika ɗora wa yara littattafan da aka rubuta don amfanin Washinton da Landan. Yaro zai zayyano maka rikicin Taiwan, ka tambaye shi Hukumar Tafkin Chadi ya yi shiru. Wannan laifinmu ne. Kuma ba zan yi maka alkawarin aiki na jiranta ba, guraben ma'aikatar harkokin waje kaɗan ne, ko da yake a 2023 ɗan jihar nan, Yusuf Tuggar, aka ba ministanta.

Roƙona ɗaya: kafin ta koma makaranta, ka zo da ita rumfa ta wuni. Ka nuna mata littafin cinikinka na 2021 da na 2022, ka ce ta bayyana maka abin da ya faru tsakaninsu. In ta iya, kuɗinka bai tafi a banza ba. In ta kasa, ka turo mini ita, mu za ka tuhuma.

A gaida Hajiya da yara.

Naka,
wani malamin kimiyyar siyasa, Bauchi