Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Kan Auna Fahimtar Masu Doguwar Jinya

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu ma'aikatan lafiya ne da ke duba masu ciwon sukari, hawan jini da asma. Roƙonmu shi ne a sa auna fahimtar majinyaci cikin aikin yau da kullum, kamar awon jini da na nauyi. Mai doguwar jinya shi ne likitan kansa a gida, don haka abin da ya gane ne zai yi aiki.

Sai dai a kula da ma'aunin da za a ɗauko. Ma'aunin REALM kalmomin asibiti 66 ne da ake sa mutum ya karanta da ƙarfi. Furuci yake aunawa. A harshen da ake karantawa yadda aka rubuta shi, kamar Sifaniyanci, mutum na iya furta duka bai san ma'anar ko ɗaya ba. Wani ma'aunin mai suna NVS, wanda ya fito a 2005, ya fi kusa da buƙata: tambayoyi 6 kan bayanin sinadaran da ke jikin kwalin askirim, cikin minti 3, har da lissafi. Wanda ya ci ƙasa da 4 yana iya buƙatar ƙarin taimako. Amma shi ma bai da amfani ga wanda ba ya karatu sam.

Abin da muka fi yarda da shi shi ne majinyaci ya nuna da hannunsa. Wani bincike a Amurka a 2006 ya gano cewa cikin masu ƙarancin karatu, kimanin kashi 71 cikin ɗari sun karanta umarnin shan ƙwaya biyu sau biyu a rana daidai, amma kusan kashi 35 kaɗai suka iya ƙirgo ƙwayoyin yini guda. Saboda haka a miƙa masa maganinsa a ce ya ware na yau. Mai allurar insulin ya saita adadin da kansa. Mai asma ya shaƙi maganin a gaban nas, domin ɗaya daga cikin kurakuran da aka fi yi shi ne fesawa ba tare da jan numfashi a lokaci guda ba. A tambayi mai sukari me zai yi in awonsa ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL; amsar da ake so ita ce ya sha sukari giram 15, ya sake awo bayan minti 15. Mai hawan jini kuwa, a ji ko yana ajiye magani in ya ji sauƙi.

"Ka gane?" ba tambaya ba ce, kunya ce ke amsa ta. A ce: "Maimaita mini, in ga ko na yi bayani da kyau." A keɓe shi, a tabbata yana gani yana ji sosai, kada a yi yana cikin zafin ciwo. In wani ne ke ba shi magani a gida, a gwada shi ma.

Ranka ya daɗe, muna roƙon a ware gurbin rubuta sakamakon a katin asibiti, a sake awon duk lokacin da aka sauya magani, a kuma ƙara wa ma'aikata mintocin yin sa.

Naka cikin girmamawa,
Wasu ma'aikatan lafiya