Rahoton Shekara na Kwamitin Koyar da Manya

Baba Fasto, dattawan ikkilisiya, iyayenmu mata na zumunta da dukan 'yan'uwa, muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ga bayanin aikin da kuka ɗora mana bana.

Ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ya buɗe a farkon Janairu da Bisharar Markus. Sura 16 ce, muka riƙa ɗaukar ɗaya kowace Lahadi, aka kammala kafin ruwa ya zauna. Awa ɗaya ake yi kafin sujada: minti 10 na addu'a da bitar ayar haddacewa, 15 na karatu da murya, 25 na tattaunawa, sauran kuma a yi wa juna addu'a. Kowane rukuni mutum 8 zuwa 10 ne. Da zarar an wuce haka, malami sai ya koma wa'azi, sauran su naɗe hannu. Mun kuma raba surukai da matan 'ya'yansu, domin mace ba za ta yi tambaya a gaban uban mijinta ba, ko da tambayar tana cin ta.

Ayyukan Manzanni, mai sura 28, bai ƙare ba. An sa shi ranar Laraba da ƙarfe huɗu, daga Mayu, daidai lokacin shuka da noman farko. Wanda ya wuni a gona ba ya dawowa sai rana ta faɗi. Shawararmu ita ce da damina a tsaya kan ajin Lahadi kaɗai, na Laraba ya dawo bayan kaka.

Wata matsalar ita ce juyi, wato fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Wasu dattawa suna riƙe da tsohon juyi na 1932, yawancinmu na 1979, matasa kuma suna karantawa a waya. In ana karatu bi da bi, kalmomi ba sa haɗuwa, mai koyon karatu ya ɓace a tsakiyar aya. Yanzu juyi ɗaya ake karantawa da murya, sauran a duba su lokacin tattaunawa.

A ajin yaƙi da jahilci, baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, su ne suka fi cin lokaci. Abin lura kuma, wasu iyayenmu da ke cewa ba su iya karatu ba sun iya sarai, ido ne ya rage ƙarfi. In an rubuta ayar da manyan baƙaƙe a allo, suna karantawa tsaf. Tabarau suke bukata, ba aji ba.

Ajin baftisma ya bi Dokoki Goma, Addu'ar Ubangiji da Shaidar Bangaskiya ta Manzanni. Inda aikin ke yoyo shi ne bayan baftisma: mutum ya fara cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke ɗauka don tunawa da mutuwar Almasihu, sai a daina ganinsa a aji. Baɗi za a haɗa kowane sabon mai bi da wani tsayayye cikin bangaskiya har wata shida, namiji da namiji, mace da mace, su riƙa karatu da addu'a tare sau ɗaya a mako.

Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi a taron mambobi. Muna roƙon majalisar dattawa allo guda biyu, alli, fitilu masu caji da Littafi Mai Tsarki mai manyan baƙaƙe. Duk mai son koyarwa baɗi ya ba sakatare sunansa kafin Kirsimeti, domin a yi horon malamai kafin a buɗe aji.