John Wilkes Booth bai taɓa zama sojan Kudu ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Asabar ya ɓata mini rai ƙwarai. Har sau uku mai gabatarwa ya kira John Wilkes Booth, ɗan wasan kwaikwayon da ya kashe Shugaban Amurka Abraham Lincoln, "sojan Kudu", wato sojan ɓangaren Kudu a yaƙin basasar Amurka. A ina ya samo wannan? Mutumin nan ko sau ɗaya bai taka filin daga ba.

Ga iyakar sojancinsa. A watan Nuwamba na 1859 yana wasan kwaikwayo a Richmond, sai ya ari kakin wata rundunar sa-kai mai suna Richmond Grays, ya bi su cikin jirgin ƙasa zuwa Charles Town. Can suka yi gadi har aka rataye John Brown, ɗan gwagwarmayar 'yanta bayi, ranar 2 ga Disamba, sannan Booth ya tuɓe kakin aro ya koma dandamali. Yaƙin basasar Amurka kuwa bai ɓarke ba sai Afrilun 1861, kuma yawancin shekarun yaƙin a biranen Arewa ya yi su, yana wasa yana tara kuɗi. Bindigar da ya harbi Lincoln da ita ranar 14 ga Afrilu 1865 'yar aljihu ce mai cin harsashi ɗaya. Ta baya ya lallaɓo, mutum na zaune yana kallon wasa. Kisan gilla sunansa. Kiransa soja cin fuska ne ga waɗanda suka kwanta dama a fagen fama.

In ɗan wasa kuma soja kuke nema, ina kuka baro Lawrence Barrett? Sa'an Booth ne, shi ma haihuwar 1838, a Paterson ta jihar New Jersey. Yana yaro ya fara wasa a Detroit a 1853. Da yaƙi ya tashi ya sa kaki, ya riƙe muƙamin kyaftin a runduna ta 28 ta Massachusetts, ɓangaren Arewa, sannan ya dawo sana'arsa. Ya yi suna da fitowa a matsayin Cassius, a wasan Julius Caesar na Shakespeare, tare da Edwin Booth, yayan wancan makashin, kuma su biyun suka yi ta zagaya Amurka da wasa har Barrett ya rasu a New York ranar 20 ga Maris 1891. Ko ambatonsa ba ku yi ba.

Ku fito fili ku gyara wannan kuskure a shiri na gaba, domin ɗalibai na rubuta abin da suka ji daga bakinku.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sa wa ƙarƙashin magana. Yana danne muryar mai karatu, shekarun ma ba a jin su sosai a ƙaramar rediyo.

Naku mai sauraro,
daga Zariya