Kafin a zuba mu cikin kwanduna goma sha shida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da shirinku na watan jiya, wanda baƙonku ya ce 'yan Adam iri goma sha shida ne, kuma duk mai niyyar aure ya fara amsa tambayoyin gwajin hali a waya don ya san irinsa da irin wadda zai aura. Na daɗe ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ga ɗalibai masu neman takardar malanta, amma da maganar ba ta biyo ni har gida ba, da na ja bakina na yi shiru. 'Yar ƙanwata da nake riƙo ta saurari shirin, ta yi gwajin, ta sa saurayinta ma ya yi, sai ga ta da fuska a murtuke wai haruffa huɗun da gwajin ke ba kowa don nuna irinsa, nata da nasa ba su dace ba. Yaron da muka shafe wata uku muna bincike a kansa, daga unguwarsu har wurin aikinsa!

Baƙon naku bai faɗa wa masu sauraro asalin abin ba. A 1921 Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Siwizalan, ya bambanta mutumin da hankalinsa ke komawa cikin ransa da wanda hankalinsa ke wurin jama'a. Wata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka ɗauki ra'ayin, suka mayar da shi tambayoyi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Uwar ta karanta ilimin noma ne, 'yar kuma kimiyyar siyasa. Wannan ba laifi ba ne. Aibin gwajin shi ne yana datsa mutane gida biyu a kowane hali: ko kai mai son jama'a ne ko mai son kaɗaici, alhali yawancinmu a tsakiya muke. Amsa ɗaya ko biyu ta isa ta tsallakar da kai wancan ɓangaren, shi ya sa mutane da dama idan suka sake gwajin bayan 'yan makonni sai su fito wani iri dabam. Shi kansa Jung ya ce ba a samun mutum tsantsar wannan ko tsantsar wancan.

Na san abin da za a ce min: ai da na karanta sakamakona, kamar an leƙa zuciyata. A 1948 Bertram Forer, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya yi wa ɗalibansa gwaji a Amurka, ya miƙa wa kowa takardar bayanin halinsa, ya ce su ba ta maki daga sifili zuwa 5. Matsakaicin makin ya haura 4. Sannan ya tona musu cewa takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, kuma daga littafin masu duban taurari ya tsinto yawancin jimlolin. Duk wanda ya taɓa jin mai duba yana cewa "kana da maƙiya a kusa da kai" ya san wannan dabara. Wa ya rasa maƙiyi?

Rarraba mutane ba yau aka fara ba. Malamanmu masu karanta littattafan ɗibbu sun san ɗabi'u huɗu na jini da majina da safra'u da sauda'u, waɗanda suka zo daga Jalinusu, likitan Girkawa na zamanin da, ta hannun su Ibn Sina. Likitanci ya daɗe da wuce wurin.

Abin da masana suka fi dogara da shi yanzu daga ƙamus ya fito, kuma nan ne nake so a tsaya. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamusun Ingilishi shafi-shafi, suka fitar da kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Hujjarsu ita ce duk halin da ya dami al'umma, sai ta raɗa masa suna. Waɗanda suka biyo baya suka yi ta tankaɗe da rairaya da lissafi har aka tsaya a kan ma'auni biyar: son shiga jama'a, sauƙin kai da tausayi, tsari da riƙon aiki, saurin damuwa, da son sabon abu. Ma'auni ne kamar tsawo, kowa yana da rabonsa, wani kaɗan wani da yawa, ba kwando ba ne da za a jefa ka ciki a rufe.

To amma ƙamusun na Ingilishi ne. Da aka yi irin wannan aiki a harsuna kamar na Koriya da Hangari da Polan, sai ma'auni na shida ya ɓullo: gaskiya da tawali'u. Da aka kai tambayoyin wurin mutanen Tsimane na ƙasar Boliviya, sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna biyar ɗin ba su fito yadda aka saba ba. Mu fa? A wane ma'auni za a sa kara? Ina gurbin kawaici? Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, takardar Bature za ta iya rubuta ta cikin marasa tausayi, alhali kowa a gidan ya san kunya ce. Amaryar da ba a jin muryarta a gaban uwar miji, je ka same ta cikin ƙawayenta ranar kamu. Walter Mischel, shi ma masanin halayya, ya tayar da ƙura a 1968 da kusan wannan magana, cewa wurin da mutum yake yana juya abin da zai aikata fiye da yadda masu gwaji ke zato. Muna cewa hali zanen dutse, kuma da gaskiya a ciki, sai dai binciken da ya bi mutane shekara da shekaru ya nuna yawanci suna ƙara natsuwa da riƙon aiki yayin da suke manyanta.

Tun 1974 Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, irin su gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da ladabi da mutunci. Ga ƙamusun Bargery na 1934, ga wanda Jami'ar Bayero ta buga a 2006, cike da miskili da mai fara'a da algungumi da ɗan ba-ruwana. Roƙona shi ne ku gayyato malamin sashen Hausa da na ilimin halayya ku zaunar da su a shiri ɗaya, a tambaye su ma'auni nawa za su fito idan aka tankaɗe namu kalmomin.

Ita kuwa 'yar tawa, na ce ta bari a yi mako huɗu ta sake gwajin. Shekaranjiya ta yi, harafi ɗaya ya canza. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin yaron cikin fushi, ko ta san yadda yake da mahaifiyarsa da masu binsa bashi. Ta ce biyun farko ta sani, na ukun za ta sa yayanta ya bincika.

Na gode. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Malamin makaranta, daga Zariya