Ku ba mu labarin masu canza gwajin tarin fuka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Duk ranar 24 ga Maris, ranar tarin fuka ta duniya, jaridu sukan cika shafi da jawabin manya da alƙaluman tarin fuka, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum kusan miliyan 1.25 a 2023. Ba laifi. Amma ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne, kuma roƙona shi ne ku riƙa ba mu labarin masu ƙoƙarin canza yadda ake gano cutar. Ga guda ɗaya: Dakta Mireille Kamariza, haifaffiyar Burundi.

Sai an san wahalar aikin kafin a gane darajar abin da ta yi. Idan aka kawo mana kakin mara lafiya, mukan shafa shi a gilashi, mu zuba jan rini, mu gasa har ya fara tururi, mu wanke da ruwan asid, mu bi da shuɗin rini. Daga nan mutum ya duƙa a kan madubin hangen ƙwayoyin cuta yana neman 'yan jajayen sanduna, wato ƙwayoyin tarin fukan, a cikin shuɗi, fili bayan fili, har wuya ya ƙage. Wannan dabara ta Ziehl da Neelsen tun shekarun 1880 take, jim kaɗan bayan Robert Koch ya gano ƙwayar a 1882. Babban aibinta, matacciyar ƙwaya ma ja take fitowa. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, ta fi sauri da kaifi nesa ba kusa ba, sai dai ita ma takan tsinci burbushin ƙwayar da ta riga ta mutu. To mutumin da ya yi wata biyu yana shan magani, likita na son sanin ko maganin na ci, me za mu ce masa? Sai a shuka ƙwayar a jira makonni, shi kuwa yana gida yana tari a cikin iyalinsa.

Nan Kamariza ta sa hannu, lokacin tana digirin digirgir a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Carolyn Bertozzi. Ƙwayar tarin fuka tana gina bangon jikinta mai maiƙo da wani sukari da ake kira trehalose. Sai suka ɗana mata tarko da abincinta: suka liƙa wa sukarin wani rini, DMN, wanda a cikin ruwa ba ya wani haske, amma da ya shiga maiƙo sai ya haska kore. Ƙwaya mai rai za ta ɗauki sukarin ta saka a bangonta, ta tona wa kanta asiri. Wadda magani ya kashe ba ta ɗauka. Babu gasawa, babu wanki, kuma cikin kamar awa guda a ga sakamako. Sun buga binciken a 2018, bayan gwada shi a kakin marasa lafiya a Afirka ta Kudu.

Kada a ce na cika baki. Mutanen da aka fara gwadawa a kansu ba su da yawa, wasu dangin ƙwayar da ba su jawo tarin fuka su ma sukan haska, kuma dole sai da madubi na musamman mai ganin irin wannan haske. Tsakanin binciken jami'a da teburin asibiti akwai tafiya, shi ya sa ita da Bertozzi suka kafa kamfanin OliLux don kai dabarar kasuwa.

Bertozzi ta samu kyautar Nobel a 2022 tare da Morten Meldal da Barry Sharpless, kan dabarun haɗa sinadarai, nata ɓangaren kuwa yin haka a jikin halitta mai rai ba tare da an dagula ta ba. Ta cancanta, amma ni ba kyauta nake dubawa ba wajen auna masani, ba kuma yawan takardun da ya buga ba. Tambayata ita ce ko aikinsa zai amsa wa likita abin da mu muka kasa amsawa. Masanin kimiyya Leland Clark bai samu Nobel ba, alhali shawarar da ya kawo a 1962 ce tushen 'yar na'urar da masu ciwon suga ke auna jininsu da ita a gida.

Kamariza yanzu tana koyarwa a Jami'ar California da ke Los Angeles. Ku sa wakilinku na kimiyya ya neme ta da hira, ya tambaye ta inda gwajin ya kai, da nawa zai ci idan ya fito.

Naku,
Wani ma'aikacin ɗakin gwajin asibiti