Allon da ke bayan kujerar jirgi ma cikin kuɗin tikitinmu yake

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan abin da na san wasu za su ce bai kai a ɓata tawada a kansa ba, wato ɗan talabijin ɗin nan da ke maƙale a bayan kujerar jirgin sama. Ni ɗan kasuwa ne, yadi nake sayarwa, kuma neman halali ya sa na saba da hanyar China, in Allah ya hore kuma in leƙa Umara. Kamfanonin jirage suna tallata mana wannan allo sai ka ce shi ne rabin tafiyar, ga finafinai, ga karatu, ga wasannin yara. Amma ranar da ka hau ka tarar ya mutu, sai a nuna maka ai dama alfarma ce aka yi maka. Ni ban yarda alfarma ba ce. Wanda ya zuba miliyoyin naira ya yanki tikiti, kujerar da abincin da allon duk ya biya.

A wata tafiya da muka yi zuwa Guangzhou, a zangon da ya fi tsawo, wanda ake kwana a sama, layinmu gaba ɗaya babu allon da ke aiki. Nawa baƙi ƙirin, na maƙwabcina ya ƙame a kan tambarin kamfanin. A gabanmu akwai wata baiwar Allah da 'ya'yanta biyu. Ƙaramin ya yi ta dannar allonsa da ɗan yatsa, da ya ga babu motsi sai ya koma dukansa da tafin hannu, kujerar dattijon da ke gabansa tana girgiza, dattijon yana waiwaye yana tsaki. Muka kira ma'aikaciyar jirgi, ta ce za ta kashe ta kunna. Muka zuba ido fararen rubutu suna gudu a kan baƙin allo, bayan wasu mintuna ya kawo, muka ce alhamdulillahi. Ban gama zaɓen abin kallo ba ya sake ɗaukewa. Shi kuwa wani abokin tafiyata da nasa ya yi aiki a can baya, iyafis ɗinsa kunne ɗaya ke magana, sai ya riƙe bakin wayar da hannu yake jin ɗayan. Abin da ya fi ba ni haushi, akwatin ƙarfen na'urar yana nan ƙarƙashin kujera ya cinye mini wurin miƙe ƙafa, shi bai yi aiki ba, ni ban sake ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ba shi kaɗai ke yi ba.

Ma'aikaciyar nan ba ta da laifi, ta ba mu haƙuri iya ƙoƙarinta. Ta ce an riga an rubuta matsalar a littafin da suke rubuta abin da ya lalace a cikin jirgi. To nan gizo ke saƙar. Ke nan tun kafin mu hau an san allon ya mutu.

Ga yadda abin yake. Kowane jirgi yana da takardar da hukuma ta amince da ita, wadda ta lissafa abubuwan da in sun lalace ba za a tashi ba, da waɗanda za a iya tashi a gyara daga baya. Allon kallo yana cikin kayan jin daɗin fasinja, ba ya hana tashi. Jirgin doguwar tafiya kuwa 'yan awoyi yake yi a ƙasa, a share shi, a zuba mai da abinci, a juya. Kowace awa da ya yi a tsaye asara ce a wurin masu shi, don haka sai a yi ta ɗage gyaran. A tsofaffin jirage kuma, finafinan duk suna cikin babbar kwamfuta guda, ita ke aika wa kujeru ta wayoyin da suka bi ƙarƙashin daɓe. Akwati ɗaya ya samu matsala, ko shayi ya zube masa, ko a yi ta shurinsa da ƙafa, sai kujeru da dama su ɗauke tare. Wasu sababbin na'urori sun rage wannan, domin kowane allo yana ajiye nasa kayan kallon a cikinsa, in ɗaya ya mutu ba ya jan 'yan'uwansa. Sai dai canza na jirgi guda kuɗi ne masu kauri, kuma sai an ajiye jirgin ya daina aiki na wani lokaci. Mu matafiya mun daɗe muna zargin cewa jiragen da ba a kai ga gyarawa ba su ake turowa hanyoyinmu na Afirka, a kai sababbin Turai da Amurka, alhali kuɗin da muke biya bai gaza nasu ba.

Kada wani ya ce mini sabuwar fasaha ce, a yi mata uzuri. Tun 1961 kamfanin TWA na Amurka ya fara nuna fim a kai a kai a jiragensa. A 1988 Northwest ya gwada ƙananan alluna a bayan kujera, girmansu bai kai inci uku ba. Emirates ya sa allo a kowace kujera, ta manya da ta talakawa, tun 1992. Kamfanonin da ke ƙera su, irin su Panasonic da Thales da Safran, ba 'yan koyo ba ne. Abin da aka shekara talatin da ɗoriya ana yi, in ya ƙi aiki, kula ce aka rasa.

Kuma ba cewa nake a yi wa wayoyin jirgi gyaran gangan don in kalli fim ba. A watan Satumba na 1998 jirgin Swissair da ya tashi daga New York zuwa Geneva ya kama da wuta ya faɗa teku kusa da gaɓar Kanada, mutum 229 suka rasu. Masu binciken Kanada sun samu alamar tartsatsin lantarki a jikin wata waya da ke da alaƙa da na'urar nishaɗin jirgin, a yankin da wutar ta faro. Saboda haka in matuƙi ya ga alamar matsala ya kashe na'urar baki ɗaya, ni mai yi masa godiya ne. Rai ya fi fim. Amma kashewa don tsaro daban, barin abu a lalace mako da mako ana sayar da kujerar a cikakken farashi kuma daban.

Akwai wani ɓangaren da masu kamfanonin ba su cika lura da shi ba. A wurin mutanenmu allon nan ba na kallon fim kaɗai ba ne. A jiragen ƙasashen Musulmi da yawa, a nan ake ganin inda alƙibla take, a nan ake samun karatun Alƙur'ani, a nan taswira ke nuna maka inda jirgi ya kai. Mai zuwa Umara da zai sauka Jidda yana son ya san lokacin da za a daidaita da miƙati don ya yi niyya. Wasu jiragen suna sanarwa ta lasifika, amma da Larabci da Turanci, cikin ƙugin inji. Na ga wata hajiya sanye da hijabinta tana ta tambayar na kusa da ita ko an wuce, allon gabanta a mace, babu mai amsa mata da tabbas. Lokacin aikin Hajji abin ya fi muni, domin kamfanoni kan yi hayar jirage daga waje tare da ma'aikatansu, sai ka ga allon yana nan amma ba a ma kunna shi ba. In kuma ya yi aiki, ni dai a duk yawona ban taɓa cin karo da Hausa a jerin harsunansa ba, ban kuma ga fim ɗin Kannywood ko ɗaya ba, ko a jirgin da ya ɗebi fasinja daga filin Malam Aminu Kano. Da na Indiya muke rage dare, su kam ba a rasa su.

Wasu kamfanonin sun ce mafita ita ce a cire allon, kowa ya kalla a wayarsa. American Airlines ya bi wannan hanya a yawancin jiragensa na cikin gida, amma United ya sanar a 2021 cewa zai sa allo a kowace kujera a sababbin jiragensa, ya kuma gyara tsofaffin. Qatar Airways ya fara ba da intanet na Starlink, mai aiki ta tauraron ɗan'adam, a 2024. Duk da kyau. Sai dai waya tana buƙatar caji, ramin cajin kujera kuwa sau da yawa tare yake mutuwa da allon. Kuma tsohuwar da jikanta ke danna mata waya a gida, wa zai haɗa mata ita da intanet ɗin jirgi a sararin samaniya?

A Amurka, ma'aikatar sufuri ta fitar da doka a 2024 cewa duk ƙarin abin da fasinja ya biya wa kuɗi, kamar intanet ko zaɓen kujera ko kayan kallo, in ba a ba shi ba dole a mayar masa da kuɗinsa. Mu a nan hukumar kula da sufurin jiragen sama, wato NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinja, amma abin da aka fi ji daga gare ta shi ne jinkiri da soke tashi da ɓatan kaya. Waɗannan sun fi girma, ban musa ba. Ina dai roƙonta ta tilasta wa kamfanoni su riƙa gaya wa mutum tun a wurin awon kaya cewa allon kujerarsa ba ya aiki, a canza masa in akwai gurbi, in babu a rage masa wani abu. Wasu kamfanonin suna ba da maki ko takardar rangwame ga wanda ya rubuta ƙorafi, amma sai wanda ya san hanya kuma ya iya Turanci. Mu kuwa da mun sauka lafiya sai mu ce Allah ya isa a zuci, mu ja jakarmu mu wuce.

'Yan'uwana matafiya, ku ɗauki hoton allon da lambar kujera, ku adana katin shiga jirgi, ku aika wa kamfanin, ku aika wa hukuma. Ejan-ejan da masu jirgin yawo da ke yankar mana tikiti su ma su taya mu rubutawa, tunda suna cin kamasho a kanmu. Kai kuma Malam Edita, don Allah ka tura wakilinka filin jirgin Kano ko na Abuja ya tsaya a ƙofar fitowa ya tambayi masu saukowa, mutum nawa ne allonsu ya yi aiki daga tashi har sauka.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, Kano