Ƙasar da aka ɗebo a Bahri

Ya Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhinku na makon jiya kan yadda gwamnatoci ke dogara da bayanan sirri kafin su kai hari, kuma ina so na ƙara abu guda: kada a yarda da hujjar da ba a bari kowa ya tantance ta ba.

Mu mazauna Sudan mun gani da idonmu. Ranar 20 ga Agusta 1998 makamai masu linzami na Amurka suka rusa masana'antar magunguna ta Al-Shifa a Khartoum Bahri. Hujjarsu ƙasa ce ƴar kaɗan da aka ɗebo kusa da wurin, wai tana ɗauke da sinadarin haɗa VX, wata guba ta yaƙi. Na bi ta wurin bayan kwanaki. Kwalaben magani ne a farfashe cikin baraguzai. Sudan ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta bincika, ba a yi ba. A 1999 Amurka ta sake wa mai masana'antar, Salah Idris, kuɗinsa da ta riƙe.

Iraƙi ta fi mu shan wuya. Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya je Kwamitin Sulhu a Fabrairun 2003 yana cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi, da labarin wani ɗan gudun hijirar Iraƙi da jami'an Jamus da kansu ke shakkarsa. Aka yi yaƙin, makaman ba a same su ba.

Shawarata, kafin a harba ko harsashi ɗaya, majalisar dokoki ta ga hujjar, masu bincike na waje su auna ta. Ku ma ƴan jarida, in an ce muku "majiya mai tushe", ku tambayi tushen.

Naku,
Wani mai karatu daga Wad Madani